Daga Ɗaga Layi Zuwa Buɗe Shafi: Gano Musabbabin Jinkirin Haɗuwa a Intanet ɗin Layin Tarho, da Duba Ga Yankin Bagauda

Tsakure

Wannan takarda ta dubi jiran da ake yi tsakanin danna maɓallin kira da buɗewar shafin farko a intanet ɗin layin tarho, wanda aka yi yayinsa a Nijeriya daga 1997 zuwa tsakiyar shekarun 2000. Matsayinta shi ne jiran ba ciwo ɗaya ba ne, matakai ne a jere, kowanne da agogonsa da alamarsa, kuma ba a gano mai laifi sai an auna su ɗaya bayan ɗaya. Ta kuma nuna cewa a kudancin Kano nauyin jinkirin ya fi faɗawa kan waya da tashoshin haɗa kira, wato sashen da littattafan jagora na ƙasashen waje ba su cika damuwa da shi ba.

1.0 Gabatarwa



Ƙorafi iri biyu aka riƙa yi a kan intanet ɗin layin tarho, mutane kuma kan cakuɗa su. Na farko, layi ya haɗu amma shafi yana jan ƙafa. Na biyu, haɗuwar ita kanta ce ke cin lokaci: modem ya yi ta kuka, ya yi shiru, ya sake, sai bayan minti ɗaya ko biyu a shiga, ko kuwa kwamfuta ta jefo lambar kuskure a koma farko. A kan na biyun zan yi magana.

Wani zai ce minti ɗaya ba abin kira taro ba ne. A Amurka haka ne, domin a can galibi kuɗin wata ake biya na kiran cikin gari, a kira sau goma ko sau ɗari. A nan kuwa, a wancan lokaci, mita ce ke ƙirga, kuma tana fara ƙirgawa da zarar ɗaya ɓangaren ya ɗauka. Modem ɗin kamfanin intanet na amsa kira, kuɗi ya fara tafiya, tun kafin harafi ɗaya na saƙo ya wuce. Idan haɗuwar ta rushe sau uku, an biya kira uku ba a aika komai ba. Idan kiran nesa ne, abin ya ninka.

2.0 Inda matsalar ta sami wurin zama

An kafa kamfanin tarho na NITEL a 1985, aka kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a 1992. A 1996 hukumar ta ba kamfanoni 38 lasisin sayar da intanet, Linkserve kuma ya fara aiki a Legas a farkon 1997. A shekarar 2000 layukan tarho masu aiki a duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, ga al'umma fiye da miliyan 100, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Kamfanonin farko a Legas suka tare. Kafin su buɗe rassa a Arewa, mai son shiga intanet daga Kano sai ya buga lamba mai farawa da 01.

Yankin Bagauda da ke kudancin Kano ba daji ne marar ma'aikatu ba. Akwai madatsar Tiga da aka kammala a 1974, akwai otal ɗin Bagauda na zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda harabarsa ta koma reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya, a wancan lokaci akwai gonar binciken ICRISAT, ga sakatariyoyin ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Duk wurare ne masu buƙatar aika rahoto da karɓar saƙo. Sai dai nisa ya shiga tsakani. Daga Kano zuwa Bagauda ya haura kilomita 50, zuwa Riruwai a Doguwa, bayan an ratsa dajin Falgore, ya haura 150. Wayar jan ƙarfe da ke haɗa gida da tashar haɗa kira kilomita kaɗan take iya ɗauka kafin murya ta raunana. Saboda haka duk kiran da zai taso daga wannan yanki zuwa modem ɗin da ke birnin Kano dole ya sauya hannu: daga waya zuwa ƙaramar tasha, ko zuwa na'urar rediyo, daga nan zuwa babbar tasha. Murya ba ta damu da wannan sauyin hannu ba, mutum yana jin ɗan'uwansa ko da akwai shuu a layi. Modem ne ba ya yafewa.

3.0 Kayan aikin mai bincike

Ba a buƙatar na'ura mai tsada. Kunne, agogon hannu mai nuna sakan, da tarho na gama-gari sun isa a fara. A sa wa modem umarnin ATM1L3, daga jerin umarnin da kamfanin Hayes ya ƙirƙiro a 1981, don lasifikarsa ta yi ƙara har zuwa lokacin da aka haɗu. Sai a rubuta lokaci a wurare biyar: sa'ad da aka gama buga lamba, sa'ad da ɗaya ɓangaren ya ɗauka, sa'ad da lasifika ta yi shiru, sa'ad da kwamfuta ta ce an shiga, da sa'ad da shafin farko ya bayyana. Windows 95 tana iya ajiye tarihin haɗuwar a fayilolin Modemlog.txt da Ppplog.txt idan an kunna su. Mai gyaran da ya tsallake wannan awon ya tafi kai tsaye ga sake loda Windows, ya ɓata yini guda a kan cutar da wataƙila tana kan falwaya.

4.0 Kafin a ɗauka

Da farko modem yana sauraron amon layi. Amon ba iri ɗaya ba ne a duniya: na Amurka haɗin 350 da 440 ne a ma'aunin Hertz, na yawancin Turai 425. Modem ɗin gwanjo da aka saita wa wata ƙasa yana iya kasa gane amon tashar da ke nan, ko kuwa tashar ta yi jinkirin bayar da shi a lokacin cunkoso. Sakamakon shi ne kuskure mai lamba 680, alhali idan aka ɗaga tarho ana jin layi lafiya lau. Maganinsa umarnin ATX3, wanda ke sa modem ya buga lamba ba tare da jiran gane amo ba, tare da ƙara adadin da ke cikin rajistar S6 don ya ɗan dakata kafin ya fara.

Buga lambar ma yana da nasa lissafi. Tsofaffin tashoshi ba sa fahimtar amon maɓalli, sai bugun ƙyas-ƙyas irin na tarho mai juyawa, bugu 10 a sakan ɗaya, sifiri kuma bugu 10 ne cur. Lambar Kano ta 064 kaɗai bugu 20 ce. A haɗa da lambobi shida na layin da kuma tazarar da ake bari tsakanin lamba da lamba, an ci kusan sakan 10. Da amon maɓalli ba a kai sakan 2 ba. Akwai masu barin kwamfuta a kan ATDP, umarnin bugun ƙyas-ƙyas, shekara da shekaru bayan an sabunta tasharsu, ba su san ATDT na amon maɓalli zai yi aiki ba. A ofisoshi da makarantu masu akwatin rarraba waya kuwa, kowane waƙafi da aka saka bayan lambar fita waje sakan 2 ne, na ga inda aka jera guda biyar don tsoron kada layi ya ƙi.

Abin da ya rage a wannan mataki ba ya hannun mai kwamfuta. Idan hanyoyin da ke tsakanin tashoshi sun cika, ko modem ɗin kamfani sun ƙare, sai a sami 676, layi a cike, ko 678, ba a amsa ba. Na ƙarshen ya fi cin rai, domin modem yana jira har adadin da ke rajistar S7 ya cika, wanda kan kai sakan 50 ko 60. Wannan ne ya sa masu wayo suke aika saƙonninsu bayan sallar asuba ko da tsakar dare.

5.0 Musafahar modem biyu

A nan ne zan daɗe, domin a nan ne yankinmu ya bambanta.

Ƙarar farko da ake ji bayan an ɗauka, mai kaifi, amo ne na 2100 a ma'aunin Hertz. Aikinsa shi ne gaya wa na'urorin kashe amsa-kuwwa da ke kan hanya su janye, modem zai yi wa kansa wannan aiki. Daga nan modem biyu su faɗa wa juna irin ƙa'idojin da suka iya, bisa tsarin V.8. Sai gwajin layi: a ƙarƙashin V.34, wanda hukumar ITU ta amince da shi a 1994 da gudun 28,800, aka ɗaga shi zuwa 33,600 a 1996, kowane modem yana aika jerin amo 21 daga 150 zuwa 3,750 don ɗaya ya ji wanne ya iso da ƙarfi, wanne ya shaƙe a hanya. Suna kuma auna tsawon lokacin da sauti ke yi ya je ya dawo. Shuu ɗin da ke biyo baya horo ne, kowanne yana daidaita kunnensa da karkacewar layin. A layi mai kyau duk wannan bai cika wuce sakan 20 zuwa 30 ba.

Idan aka ji kukan ya kusa ƙarewa sai ya koma farko, to horon ya rushe, an sake. Kowace maimaitawa ƙarin sakan 10 ne ko fiye, kuma mita tana ƙirgawa. Abin tambaya shi ne me ya rushe shi.

A ɗaga tarho na gama-gari, a danna lamba ɗaya don amon layi ya ɗauke, a kasa kunne. Gunji mai kauri marar yankewa na nuna wayar ta yi kusa da ta lantarki ko janareto, ko ɗaya daga cikin silinta biyu ya taɓa ƙasa. Ƙaras-ƙaras na nuna mahaɗi ya yi tsatsa ko ruwa ya shige shi. Wannan ya fi yawa da damina, kudancin Kano kuwa, musamman Tudun Wada da Doguwa, ya fi sauran jihar samun ruwan sama. Jin hirar wasu daga nesa alama ce ta wayoyi sun jiƙe a cikin kebul ɗaya. Sai a cire duk wani tarho da na'urar faks da ke kan layin, a kai kwamfutar inda waya ta shigo gini, a sake gwadawa. Idan an sami sauƙi, laifin na wayar cikin gida ne. Idan ba a samu ba, magana ta koma ga ma'aikatan layi. Kada a manta da tsawa: hadarin farkon damina yana iya raunana modem ba tare da ya kashe shi ba, ya ci gaba da haɗuwa amma da ƙyar. Haka nan modem mai arha na cikin kwamfuta, wanda ke jingina aikinsa ga ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya fi saurin rikicewa a tsohuwar na'ura fiye da na waje mai akwatinsa.

Sai batun gudun 56,000, wanda a ganina ya jawo wa mutanenmu asarar lokaci fiye da amfanin da ya kawo. A 1997 aka yi gasa tsakanin x2 na US Robotics da K56flex na Rockwell da Lucent, ITU ta raba gardama da V.90 a 1998. Dabarar V.90 tana da sharaɗi mai tsauri. Tashoshin zamani suna ɗaukar murya ne a matsayin lambobi, samfuri 8,000 a sakan, wato gudun 64,000 a kowace hanya. Kamfanin intanet zai haɗu da tashar ta hanyar lambobi kai tsaye, sannan a juya lambobin zuwa sauti sau ɗaya tak, a tashar da ke kusa da mai kira. Da zarar an sami juyi na biyu a hanya, ko wata na'urar da ke matse murya don layi ɗaya ya ɗauki mutane da yawa, to V.90 ya faɗi. Kiran da ya taso daga Kiru ko Tudun Wada, ya bi ta akwatin ofis, ya bi ta ƙaramar tasha ko rediyo kafin ya isa Kano, da wuya ya cika wannan sharaɗi.

Inda layin ya lalace sarai, modem kan gane da wuri ya sauka zuwa V.34. Wahalar tana ga layin da ke tsaka-tsaki. Modem zai ga kamar zai iya, ya shiga dogon gwajin V.90, ya haɗu a gudun da layin ba zai riƙe ba, ya sake horo, wani lokaci ya yanke. Sauri ya haifi nawa. Maganin da ya fi aiki shi ne a hana shi tun farko: a modem masu bin sabon tsarin umarni a rubuta AT+MS=V34, idan ma layin ya yi muni a ƙayyade masa iyaka, ko a sauke shi zuwa V.32bis mai gudun 14,400. Mutane ba sa son jin wannan shawara, sun sayi akwati an rubuta 56K a jikinsa. Amma ga mai aika imel goma ya sauke goma, haɗuwa ɗaya tabbatacciya a 26,400 ta fi arha a kan yunƙuri uku na neman 44,000.

A ƙarshen 2000 ITU ta fito da V.92, wanda ke da dabarar gajarta musafaha zuwa kusan rabi ta hanyar tuna yanayin layin daga kiran da ya gabata. Dabara ce mai kyau ga layin da jiya da yau ɗaya yake. Layin da ke sauya hali da saukar ruwa, ko kiran da yau ya bi wannan hanya gobe ya bi waccan, abin da aka tuna ba ya amfani, sai a koma doguwar musafaha. Ga shi kuma sai kamfanin intanet ya sabunta nasa kayan, kuma kafin hakan ta yaɗu kamfanonin wayar salula na Econet da MTN sun fara aiki a Agustan 2001.

6.0 Bayan lasifika ta yi shiru

Shirun lasifika ba shiga ba ne. Yanzu kwamfuta da na'urar kamfani za su shirya yadda za su yi magana, bisa ƙa'idar PPP da aka tsayar a 1994. Tsarin kamar ciniki yake a kasuwa: wannan ya yi tayi, wancan ya ce albarka ya faɗi nasa, ko ya ce wannan kaya ba na sayarwa ba ne a cire shi daga magana, har a kai ga sallamawa. Abin da ya shafe mu shi ne agogon cinikin. Idan aka yi tayi ba a ji amsa ba, sakan 3 ake jira a sake, har sau 10. Don haka idan tarihin da ke cikin fayil ya nuna tazarar sakan 3, 6, 9, ba sai an yi dogon nazari ba: saƙo ne ke ɓacewa, ko dai saboda hayaniyar layi, ko ɗaya ɓangaren bai shirya sauraro ba. Idan aka cika sakan 30 a haka sai a ga kuskure mai lamba 718 ko 721.

A wannan mataki ne kaɗai littattafan waje suka yi mana cikakken amfani. Windows 95 da 98 suna zuwa da alamar amincewa a kan NetBEUI da IPX/SPX da kuma neman shiga cibiyar ofis. Kamfanin intanet ba ya buƙatar ko ɗaya, TCP/IP kawai yake so. Kwamfuta sai ta tsaya tana neman abin da babu har lokacinsa ya ƙare. Cire alamomin nan uku kan rage jira nan take, kuma kyauta ne. Masu Linux suna da kwatankwacinsa: manhajar wvdial kan jira a tambaye ta suna da kalmar sirri a rubuce, alhali na'urar kamfani ta riga ta fara PPP, sai an umarce ta ta daina jira.

Tantance suna da kalmar sirri kuwa ba lallai a yi shi inda modem yake ba. Na'urar da ta amsa kira tana tura tambayar ga wata kwamfuta ta tsarin RADIUS. Idan modem yana Kano, rajistar masu biya tana Legas, tsakaninsu kuma tauraron ɗan'adam ne, to an ƙara tafiya. Tauraron yana nisan kilomita 35,786, zuwa da dawowa ya haura rabin sakan ko da hanya babu kowa. Alamar wannan ita ce tsayawa a wurin tantancewa kullum a lokacin cunkoso, ba tare da kuskuren 691 na kalmar sirri ba. Mai kwamfuta ba shi da abin yi a nan sai kai ƙara, amma ƙarar da ta zo da lokuta a rubuce ta fi ta "intanet ɗinku ba ya yi" saurin samun amsa.

Saura shafin farko. Idan adireshin na'urar fassara sunaye, DNS, na farko ya mutu, kwamfuta kan jira shi sakan da dama kafin ta juya ga na biyu. Internet Explorer 5 na 1999 ya zo da neman saitin hanya da kansa, wanda shi ma kan riƙe shafin farko. Gwajin mai sauƙi ne: a kira wata na'ura da adireshinta na lambobi, a sake kiranta da suna. Idan na lambobi ya amsa nan take na suna ya tsaya, an kama mai laifi. Kafin kebul ɗin teku na SAT-3 ya fara aiki a 2002, hanyar Nijeriya zuwa waje ta sama take, saboda haka wannan rabin sakan yana kan kowace tambaya.

7.0 Abin da ya rage a hannunmu

Layin tarho bai daɗe ba. Shagunan intanet sun koma ga faifan VSAT, Starcomms ya kawo layi marar waya a Kano, Glo ya shigo a 2003, kebul ɗin MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010. Amma tsarin bai tafi ba. Modem ɗin da aka riƙa soka wa kwamfuta a gefe daga baya yakan buga *99# ko #777 ne, da umarnin AT iri ɗaya, ya yi cinikin PPP iri ɗaya da agogonsa na sakan 3.

Mai POS a Kwanar Ɗangora ranar kasuwa, da ya ce wa mai sayen masara "babu netwok", yana iya nufin abu uku mabambanta. Ko na'urar ba ta sami gurbi a kan eriya ba saboda taron jama'a, ko ta samu amma gaisawa da kwamfutar banki ke rushewa, ko an gaisa bankin ne bai amsa ba. Gaisawar tana cin zuwa da dawowa ɗaya na TCP, da biyu na TLS 1.2, ko ɗaya a TLS 1.3 na 2018, kafin a aika ko sisin bayanin kati. A kan 4G ba a lura da su. Inda waya ta sauka zuwa 2G, kamar yadda takan yi a hanyar Falgore, kowane zuwa da dawowa na iya cin rabin sakan ko fiye, saƙo ɗaya kuma da ya ɓace sai an jira agogonsa ya cika. Sauya layin SIM yana maganin na farko, wani lokaci da na biyu. Na uku ko an sauya layi goma ba abin da zai canja, sai dai a sauya bankin da na'urar ke bi.

Shawarata ga ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta masu neman batun bincike ita ce su ɗauki wannan awo zuwa kasuwannin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa: lokacin kama eriya, lokacin gaisawa, lokacin amsar banki, a ranar kasuwa da ranar da ba ta kasuwa ba, da rani da damina, a kan kowane layi daban.